Talisker Dark Storm: hayaƙi a gaba, zaƙi a baya

A filin jirgin saman Hitro da ke Landan na sayo wannan kwalbar wiski mai suna Talisker Dark Storm, a kantin matafiya da ba a biyan haraji, ina kan hanyar dawowa gida Jos. Lita ɗaya ce cif, ƙarfinta kashi 45.8 cikin ɗari. Tun 2013 kamfanin ya fito da ita musamman domin irin waɗannan kantuna. Na san da yawa cikin masu karatu ba sa shan giya, kuma ina girmama hakan. Wannan sharhi na masu sha ne.

Masana'antar Talisker dai a ƙauyen Carbost take, bakin ruwa a tsibirin Skye na ƙasar Skotlan, kuma tun 1830 ake aiki a wurin. Wiskinta irin wanda ake kira single malt ne, wato na sha'ir zalla, daga masana'anta guda. Ana jiƙa sha'ir ɗin ya tsira, kamar yadda ake yi wa dawar burukutu, sannan a busar da shi da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama ta ruɓaɓɓun tsirrai. Ita Dark Storm kuwa, an ajiye ta ne a gangunan katako da aka babbake cikinsu sosai.

Sai da sanyin Disamba ya kankama na buɗe ta, ni da yayana a tsakar gida. Ina cire murfin, ƙamshi ya bugo ni kamar na tsaya kusa da tukubar mai tsire bayan an rage wuta: hayaƙi, gawayi, da ɗan gishiri-gishiri. A kofi launinta kamar zumar da ta kwana biyu.

Kurɓar farko ta yi mini zafi, har na ajiye kofin. Yaya ya ce, "Ƙanena, kar ka yi mata gaggawa, ɗiga mata ruwa." Na zuba rabin ƙaramin cokali, na bar ta minti goma. Wallahi sai ta zama wani abu dabam. Hayaƙin ya ja da baya, zaƙi ya fito, irin na busasshen dabino da sukarin da ya fara ƙonewa a tukunya. Can wajen maƙogwaro sai yaji ya taso, kamar ka tauna ƙwayar masoro, kuma ya daɗe bai sake ni ba. Wannan yajin shi ya fi burge ni. Mun haɗa ta da kilishi, suka dace ƙwarai, domin gyaɗar da ke jikinsa na kwantar da zafin. Ƙanƙara kam ban ba da shawara ba. Na gwada washegari, ta danne zaƙin, ta bar hayaƙi kawai.

Ba a rubuta shekarunta a jikin kwalbar ba. Dokar Skotlan ta ce dole wiski ya yi aƙalla shekara 3 a ganga, iyakar abin da mai saye zai riƙe ke nan. Talisker mai shekara 10 ta fi ta natsuwa a bakina, ita kuwa wannan ta fi kauri da hayaƙi.

Wanda bai taɓa shan mai hayaƙi ba, kada ya fara da lita guda. Ni dai ƙaramin kofi ɗaya nake sha ranar Asabar da dare, ga Fabrairu ya shigo ban sha rabin kwalbar ba, kuma in na sake bi ta Hitro zan ƙaro.