Babur na hannu da ya sha tafiya: a saya ko a haƙura?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa a Kano suka jingine mota suka koma babur. Wasu kuma kuɗin Adaidaita Sahu na wata guda suka lissafa, suka ga gara su nufi wurin dillalai. Sabo ya yi tsada, saboda haka ido ya koma kan na hannu, kuma na hannun da aljihun mai ƙaramin ƙarfi ke iya kaiwa yawanci wanda ya sha tafiya ne. Sai ka ji mutum yana tambaya: mita ta nuna kilomita 60,000, in saya ko in bari?

A ganina, lambar nan ta mita ita ce abu na ƙarshe da ya kamata ka dogara da shi. Wayar mita tana tsinkewa, kuma ba kowa ke damuwa ya sa wata ba, sai babur ya shekara biyu yana yawo lambar tana tsaye wuri ɗaya. Kan mitar ma ana sauya shi gaba ɗaya da kuɗi kaɗan. Babur ɗin da ya nuna 18,000 yana iya zama ya fi mai nuna 60,000 gajiya. Abin tambaya shi ne wane aiki babur ɗin ya yi, kuma a hannun wa.

Yi lissafi da kanka. Malamin makaranta ko ma'aikacin da ke yin kilomita 20 a rana tsakanin gida da wurin aiki, a shekara zai yi kusan 7,000. Kafin ya kai 60,000 sai ya haura shekara takwas. Ɗan acaɓa da ke yin kilomita 100 a rana kuwa, bai cika shekara biyu ba zai kai wannan adadi, da goyon mutum biyu, da buhu a kan tanki. Lamba ɗaya ce, amma ba babur ɗaya ba ne.

Na farko, wato babur ɗin mutum ɗaya da ya hau shi don buƙatar kansa, shi ne wanda zan ce a saya ko da mitarsa ta yi nisa. Ƙananan injinan nan na siisii (ma'aunin girman inji) 100 zuwa 125, irin na Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue da Lifan, ba su da sarƙaƙiya, kuma suna jure tafiya matuƙar ana juye musu baƙin mai a kan lokaci. Abin da ke kashe su shi ne sakaci. Iska ce ke sanyaya su, ba ruwa, kuma baƙin man da ke cikinsu bai fi lita ɗaya ba. Ka tuna zafin Kano a watan Afrilu, ka haɗa da tsayuwa a cunkoson Kantin Kwari ko Kurna, za ka gane dalilin da ya sa man da ya daɗe ba a sauya ba yake cinye fistan da ringi. Ƙurar hunturu ita ma tana nata aikin idan ba a wanke matatar iska. Don haka ka tambayi mai babur ɗin sunan bakanikensa, ka je ka same shi. Bakaniken da ya shekara biyar yana taɓa babur ya fi mita sanin tarihinsa. Matsalar irin wannan babur ɗaya ce: ba ya daɗewa a kasuwa, yawanci tun a unguwa ko wurin aiki wani yake ɗauke shi kafin ya kai ga dillali.

Na biyu shi ne wanda ya yi acaɓa ko dakon kaya. Tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, don haka irin waɗannan babura yawanci daga ƙauyuka da garuruwan maƙwabta suke shigowa. Sukan iso an yi musu wanka: sabon fenti, sabuwar rigar kujera, sabbin sitika. Inji ana iya gyara shi, amma abin tsoro a nan shi ne ƙashin babur ɗin, wato shasi, ƙarfen da komai ke ɗaure a jikinsa. Ka sa a ɗaga kujera, in da hali a cire tanki, ka duba ko akwai walda a wuya ko a wurin da shokozoba ta baya ke kamawa. Babur ɗin da ƙashinsa ya taɓa karyewa ko ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Zai riƙa ja gefe ɗaya, yana cin taya ta ɓari guda, kuma ranar da waldar za ta saki ba za ta yi sallama ba. Idan ka ga haka, ka bar shi komai arhar sa. Idan kuwa ƙashin lafiya lau ne, kuma gona ko kasuwar ƙauye za ka riƙa zuwa da shi, ana iya saye, amma a farashin da ya bar maka rarar sauke inji.

Akwai na uku, wanda dillali zai ce maka “yanzu aka yi masa inji, komai sabo ne.” Wannan magana ba yabo ba ce, ba kuma aibi ba ce, sai ka san wa ya yi aikin da irin kayan da aka sa. Duk wanda ya taɓa shiga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari neman kayan babur ya san fistan ɗaya yana da daraja hawa-hawa, kuma mai shirin sayarwa ba kasafai yake sayen mai tsadar ba. Ni na fi son in sayi babur da na san injinsa ya gaji, a rage min kuɗi, in kai wa bakanikena ya sauke shi da kayan da na zaɓa, da in biya kuɗin gyaran da ban ga yadda aka yi shi ba.

Ranar dubawa, ka je da safe, kuma ka ce kada a tayar da shi kafin ka zo. Ka taɓa injin da hannunka. Idan ka ji shi da ɗumi, an riga an ɗumama shi ne, wataƙila don a ɓoye wahalar tashi. Lafiyayyen inji yana tashi da kik ɗaya ko biyu, kuma za ka ji kik ɗin da nauyi a ƙafarka. Wanda ya tafi sululu kamar ba komai a ciki, ƙarfin matsin injin ya ragu. Bayan ya tashi, ka tsaya a baya ka sa a ba shi wuta. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce yana ƙona baƙin mai, wato ringi ko bawul sun tafi. Baƙin hayaƙi yawanci daga kafireto ne, gyaransa bai kai wancan ba. Ka zaro ma'aunin mai ka duba: man da ya yi kauri fiye da ƙima, wani lokaci da gangan ake zuba shi don ya danne ƙarar inji. Ƙara siririya daga sama sau da yawa saitin bawul ne kawai. Bugu mai nauyi daga ƙasa kuwa babban aiki ne.

Sannan ka hau. Ka shiga kowace giya, ka ji ko tana fita da kanta. Ka ba shi wuta a hawa, ka lura ko inji yana kuka amma gudu bai ƙaru ba, wannan kuloci ne. A miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso ka sassauta riƙo kaɗan ka ga ko zai karkace. Sarƙa da haƙoranta, taya, birki, batir, waɗannan duk kayan ƙarewa ne, ba su isa su hana ciniki ba, sai dai ka tara kuɗinsu ka cire daga tayinka. Kuma bakaniken da za ka je da shi ya zama naka ne, ka biya shi ladan dubawa, ba wanda ke zaune kusa da rumfar dillalin ba. Dillali la'ada yake nema, ba laifi ba ne, amma sai an sallama yake samunta.

Sabo fa? Idan babur ɗin shi ne jarinka, kamar mai kai saƙo ko mai zirga-zirgar kasuwa kullum, kuma na hannun da ka samu kuɗinsa da na gyaransa sun kusa kamo na sabo, ka ƙara haƙuri ka cika ka sayi sabo. Kwana ɗaya a wurin bakanike asarar ciniki ce a gare ka. Babura masu amfani da caji kuwa, waɗanda suka fara yawa a titunan Kano, lissafinsu daban ne: batir shi ne mafi tsada a jikinsu, kuma ba a gane gajiyarsa da ido ko da kunne. Na hannu a cikinsu sai ka yi doguwar tafiya da shi ka ga inda cajin zai kai ka.

Maganar takardu ta fi duk abin da ya gabata nauyi, domin satar babur ba baƙuwa ba ce a garin nan. Ka nemi rasit na asali, ka karanta lambar inji da ta shasi a jikin babur ɗin da idonka, ka gwada da abin da ke rubuce harafi bayan harafi. Lambar da aka goge, ko aka sake bugawa, ko aka lulluɓe da fenti mai kauri, ta isa ta sa ka juya. “Takardun sun ɓata” ba amsa ba ce, musamman idan farashin ya faɗi ƙasa da na kasuwa sosai. In an kama babur na sata a hannunka, za a karɓe shi, kuɗinka sun tafi, sannan kai za ka yi wa 'yan sanda bayanin inda ka samo shi. Ku rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunan mai sayarwa, da adireshinsa, da lambar wayarsa, da hoton katin shaidarsa, shaidu biyu su sa hannu. Ka biya ta banki don a sami alama. Idan a cikin unguwa ne, ba laifi a yi a gaban mai unguwa. Bayan nan ka je ka mayar da rajistar lambar zuwa sunanka, kada ka bari sai ranar da jami'an hanya suka tsayar da kai.