Mai zanen bayanai na wajen Yelwa, Bauchi

Gaskiya yaron nan ya iya aikinsa. Kimiyyar kwamfuta ya karanta amma tun yana firamare yake zane, sai ya haɗa biyun. Na kai masa lissafin cinikin hatsinmu na kasuwar Muda Lawal a manhajar lissafi ta Excel, duk a hargitse, ya zuba a Python, wato yaren da ake ba kwamfuta umarni da shi, ya fitar min da taswirar ƙananan hukumomin Bauchi 20, inda muka fi saro masara yayi ja wur, har Baba da baya son lambobi ya gane da kallo ɗaya. AI, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, yake sawa ta gyara teburin lissafin amma sai ya bi layi-layi, wai tana iya kai garin Katagum ƙaramar hukumar Katagum alhali a ƙaramar hukumar Zaki yake. Matsalarsa dai alƙawari, kwana 2 yace, sai da nayi sati ina sintiri. Kuɗin kam ba laifi.