Awon Sida na gida ko na labo: amsa ga ƙanwarmu ta Yamai

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya. Kin auna kanki a gida sau biyu, layi ɗaya ya fito, wato bai nuna Sida ba, amma farin harshe da maruru da ciwon sanyi sun ƙi rabuwa da ke, kina shawarar ko ki sake sayen na gida ko ki je labo. Ki je labo. Kada ki ƙara kashe ko dala a kan na gida.

Ni ma na bi ta nan. Wata biyar na yi harshena fari fat kamar an shafa kindirmo, maruru na fito mini a hammata, wannan ya fashe wancan ya taso. Ban gaya wa kowa ba, har maigidana. Sau uku ina sayen abin awon nan da ake gogawa a dasashi, in kulle ɗaki in zauna ina kallon agogo. Duk ukun layi ɗaya. In yi barci daren nan, kwana biyu kuma tsoro ya dawo, tunda jikin bai canza ba.

Ranar da na gaji na je likita, wata lokotoro dattijuwa na tarar. Ba ta yi mini kallon komai ba. Ta ce in buɗe baki, ta daɗe tana duba fuskata da hannuwana, sannan ta ce: "Ɗiyata, me kike sha, me kike shafawa?" Sai da ta maimaita sau biyu kafin na faɗa. Ƙwayar deksa nake sha don in yi jiki, tun kafin bikin ƙanwata, ga kuma man hasken fata da na fi shekara ina shafawa. Ta rubuta a ɗebi jini daga jijiya, a duba Sida, a duba sukari, a ƙirga ƙwayoyin jini. Sida babu. Sukari ya hau. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani cewa deksa da danginta suna kwantar da sojojin jiki, suna kuma ɗaga sukari, shi ya sa ƙananan cututtukan da jiki ke korewa da kansa suka samu wurin zama. Kuma ta hana ni yanke ta rana ɗaya, domin wanda ya daɗe yana sha in ya daina kwatsam zai iya faɗuwa warwas. A hankali ta yi ta rage mini har na rabu da ita. Har yau in na tuna matar nan sai na yi mata addu'a.

Ga inda awon gida da na labo suka bambanta. Na gida ba ya ganin ƙwayar cutar kanta, yana neman makaman da jiki ke ƙerawa don yaƙarta ne, kuma waɗannan suna iya ɗaukar har wata uku kafin su isa a gan su. In abin da kike tsoro ya faru sati biyu ko uku da suka wuce, layi ɗayan nan bai gaya miki komai ba tukuna. Na labo wanda ake ɗiba daga jijiya, irin na zamani, yana haɗawa da neman wani ɓangare na ƙwayar da ake kira p24, yakan gano tsakanin kwana 18 zuwa 45. Akwai kuma PCR mai neman ƙwayar kai tsaye, daga kwana 10 zuwa 33, shi ake yi wa jarirai ƴan ƙasa da wata 18 saboda makaman uwa na nan cikin jininsu. Ba kowane wuri ke da duka ba, ki tambaya wane iri za a yi miki, ki kuma faɗi ranar da kike zargi don a san ko sai kin koma. Mu nan Afirka ta Yamma muna da nau'i biyu na ƙwayar Sida, HIV-1 da HIV-2, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne sak, wannan ma aikin labo ne.

Amma babban abin shi ne, ko an tabbatar babu Sida, ciwonki yana nan yana jiran suna. Ciwon sukari na kawo daidai abin da kika lissafa. Tarin tibi na rame mutum da zufar dare, kuma yana kama wanda ba shi da Sida, awon majina ake yi, maganinsa na wata shida kyauta ne. Rashin abinci mai gina jiki ma na karya garkuwa. Akwai har wata larura da ba kasafai ake ganinta ba, wadda aka fara bayyanawa a 1992, inda sojojin jiki da ake kira CD4 ke sauka ƙasa da 300 ba tare da HIV ba, alhali mai lafiya yakan kai 500 zuwa 1500. Ƴar sandar gida ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Na gida dai ba zan ce banza ne ba, yana da amfani ga mai lafiya da kunya ta hana shi zuwa, in dai daga farmasi ya saya.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa: ki yi nesa da masu yawo da magani a faranti da masu talla a WhatsApp. Abin awon nan ba ya son zafin da ya wuce digiri 30, ke kuma kin san ranar Yamai a watan huɗu. Na farkon da na saya daga hannun irinsu ne, sai daga baya na lura an kankare kwanan watan da ke jikin leda. Su ne kuma za su ce miki suna da maganin ƙara garkuwa, ba ki san me aka zuba a ciki ba.

Gobe da safe ki je tun ba ki karya ba saboda awon sukari. Ki zuba duk abin da kike sha da wanda kike shafawa cikin leda ɗaya, har na gargajiya, ki ajiye a gaban lokotoro. In ba ki son zuwa ke kaɗai, ki yi mini magana ta gefe, ina Lazare, zan raka ki.