T-TRAK ko FREMO: wanne ya dace da mai ƙaramin ɗaki?

Ɗan'uwa, ka ce kana son fara ƙera ƙaramar shimfiɗar jirgin ƙasa na wasa, mai kwaikwayon na gaske, amma ɗakinka ba shi da filin da za ka kafa tebur na dindindin. Ka ji ana maganar gini yanki-yanki, sunaye biyu suka yi ta fito maka, T-TRAK da FREMO, ka rasa wanda za ka kama. In kai kaɗai ne kuma yanzu za ka fara, ka kama T-TRAK. Sai dai ka tsaya ka ji dalili, domin akwai mutumin da wannan shawara ba za ta yi masa rana ba.

Duka biyun tushensu ɗaya. Kowa ya gina ɗan yankinsa a gida, ya ƙawata shi yadda ya ga dama, amma bakin yankin, inda dogo yake ƙarewa, dole ya bi ƙa'ida guda, ta yadda in aka haɗu yankina zai manne da naka jirgi ya wuce ba tangarɗa. Wannan dabara ta yi ƙarfi ne da NTRAK, wadda aka fara nunawa a Amurka a 1973: yanki mai ƙafa 4 a tsawo da ƙafa 2 a faɗi, layuka uku, a kan ƙafafunsa, dogo yana inci 40 daga ƙasa. Har yau ana yinta, amma ga mai ƙaramin ɗaki ta yi girma, shi ya sa ban sa ta cikin awon ba. FREMO ƙungiya ce da aka kafa a Jamus a 1981, ƙa'idarta ta fi shahara a ma'aunin HO, wato 1:87 (komai ya ƙanƙanta sau 87 a kan na gaske), kuma tana da 'yar'uwa a Amurka mai suna Free-mo. T-TRAK kuwa daga Japan ta fito a farkon shekarun 2000, a ma'aunin N, wanda yawanci 1:160 ne, dogonsa milimita 9 tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Bari mu fara da fili, tunda shi ne matsalarka. Yanki guda na T-TRAK ɗan akwati ne mai tsawon milimita 308 da tsayin milimita 70, ba shi da ƙafafu, a kan tebur ake ɗora shi. Na kwana kuma milimita 365 ne kowane gefe. Kwanoni huɗu kawai sun ba ka cikakken zagaye a cikin murabba'in santimita 73. Ƙara miƙaƙƙu biyu, ɗaya nan ɗaya can, ka sami zagaye mai tsawon mita ɗaya da ɗan ɗoriya, layi biyu, jirage biyu suna gudu. Ka gama wasa, ka ɓalle su, ka jera a kanta kamar littattafai. Yankin FREMO ba haka yake ba. Faɗin bakinsa a HO yakan kai santimita 50, tsawonsa ganin damarka ne, yana tsaye a kan ƙafafu, saman dogonsa milimita 1300 daga ƙasa. Kwanarsa kuma shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai. A Free-mo ba a yarda babban layi ya yi kwanar da ta gaza inci 42 daga cibiya ba, wato sama da mita ɗaya. Zagaye da irin wannan kwana zai cinye ɗaki sukutum. Gaskiya ma masu FREMO ba zagaye suke nema ba, layi suke so ya tashi daga wata tasha ya isa wata.

Ma'auni shi ma yana da ta cewa. Taragon fasinja na Turai mai tsawon mita 26.4 yana komawa milimita 303 a HO, a N kuma 165. Ka ga tarago ɗaya tak na HO ya kusa cika akwatin T-TRAK guda. Layin ajiya na mita 300 a tashar gaske zai nemi kusan mita uku da rabi a HO, a N bai kai mita biyu ba. Akwai ƙa'idar FREMO ta ma'aunin N ga wanda yake son salon amma fili ya hana, sai dai ƙafafun da tsayin suna nan.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Abin da ya raba su na haƙiƙa shi ne mahaɗa, kuma a nan ne mai farawa yake tsira ko ya karaya.

A T-TRAK ba katako ne yake riƙe katako ba, dogon ne yake riƙe komai. Ana amfani da Unitrack na kamfanin Kato, dogon da ya zo da tsakuwarsa ta roba a jiki, da 'yan maƙalai a baki masu shiga juna su yi ƙas. Akwatin milimita 308 ne, dogon da ke kansa 310, misali guntu mai 248 haɗe da mai 62. Saboda haka dogo yana leƙowa da milimita ɗaya ta kowane baki. Wannan milimita ɗayar ita ce sirrin: in ka tura akwati biyu, maƙalan ne suke haɗuwa kafin katako ya taɓa katako, don haka ko zartonka ya ɗan kauce, mahaɗar ba ta san an yi ba. Abin da ba a yafewa shi ne akwati ya fi dogon da ke kansa tsawo. In ya kai 311, maƙalai ba za su kulle ba, sai ka koma da fayil. Layuka biyun suna da tazarar milimita 33 daga tsakiya zuwa tsakiya, na gaba yana kimanin milimita 38 daga gefen akwatin. A ƙarƙashi akwai notuna da ake murzawa a ɗaga ko a sauke akwati idan teburin bai yi lebur ba. Mai zarto da gam da tef ɗin awo zai iya gama akwatin farko cikin yini. Wajen ɓallewa kuma kada ka ja da ƙarfi ko ka ɗaga gefe ɗaya sama, ka zura sukudireba mai faɗin baki a tsakanin akwatunan ka ɗan murɗa, su rabu a miƙe.

A FREMO katako ne yake riƙe katako. Kowane baki yana da allo mai fasali guda da kowa yake bi, an huda masa ramuka waɗanda suka fi notin faɗi da gangan, rami milimita 12 ga noti mai 8. Ka haɗa allo da allo, ka sassauta noti, ka motsa yankin sama da ƙasa da gefe har ƙarfen dogo ya fuskanci ɗan'uwansa, kana shafawa da ɗan yatsa kana jin ko akwai tudu, sannan ka ɗaure. Babu maƙali a tsakani. Dogon yana zuwa har baki, an liƙe ƙarshensa da dalma a kan sukurorin tagulla ko wani abu mai ƙarfi don kada ya goce, kuma dole ya iso bakin a miƙe, ba karkata ko kaɗan. Idan aka yi shi daidai, kyan abin ba a magana: jirgi yana ƙetare mahaɗa kamar babu ita. Idan kuwa aka kuskure da rabin milimita, kowane tarago sai ya yi tsalle a wurin, kuma a gaban mutane, a tsakiyar layin da kowa yake amfani da shi. Ƙarshen dogon ma abu ne mai saurin lahani. Hannun riga ya kama shi a wajen ɗauka, ya tanƙware. Shi ya sa ake ɗaura wa bakin allon kariya kafin a sa a mota. Free-mo ta ɗan sassauta: dogo yana tsayawa inci ɗaya kafin baki, sai a cike giɓin da guntun ƙarfe mai inci biyu lokacin haɗawa.

Wuta kuma, kowanne da tarkonsa. A T-TRAK, in ka tsaya a gaban akwati ka ƙirga ƙarafa huɗu daga wajenka, wayoyinsu shuɗi ne, fari, fari, shuɗi. Ma'ana layin gaba da na baya a juye suke. Muddin kowane layi yana harkar gabansa, lafiya lau. Ranar da ka sa mararrabar da ke ƙetarawa daga layi zuwa layi, wadda Kato ya yi mai tsawon 310 daidai akwati guda, kuma layukan biyu suna shan wuta daga tushe ɗaya, kan jirgi yana hawa kanta shuɗi ya gamu da fari, komai ya tsaya cik. Maganin shi ne a juya wayoyin layi ɗaya a wajen tushen wutar, ba a cikin akwatin ba, domin akwatin ya ci gaba da dacewa da na sauran mutane. Kana iya farawa da tsohon tsarin DC, inda ƙarfin wutar da ke kan dogo ne yake tafiyar da jirgi. FREMO kuwa DCC ake yi, kowane kan jirgi da ɗan ƙwaƙwalwarsa a ciki da lambarsa, direba yana riƙe da abin tuƙi a hannu yana bin jirginsa daga tasha zuwa tasha. Wannan ƙarin kaya ne da ƙarin koyo tun ranar farko.

Yanzu ga inda T-TRAK take shan kaye, kuma ba zan ɓoye maka ba. Kwanarta matsattsiya ce, milimita 282 daga cibiya a layin ciki, 315 a na waje. Gajerun taragai da ƙananan kawunan jirgi suna bi da kyau, amma dogon taragon fasinja cikinsa yana ratayowa ta cikin kwana, ƙarshensa yana leƙawa waje, ido yana gane abin wasa ne. Tsakuwar roba tana ƙyalli sai ka bi ta da fenti ka dusashe ta. Duk bayan santimita 31 akwai tsaga a ƙasa, sai in ka yi akwati mai ninki biyu, 618, ko uku, 928. Kuma tunda a kan tebur yake, daga sama kake kallo, rufin gidaje kake gani. A FREMO jirgi yana wucewa kusa da ƙirjinka, ka ɗan sunkuya ka hango shi yana fitowa daga bayan tudu. Layi ɗaya ne a tsakiyar fili, ba allon baya, ana kallonsa ta kowane gefe, ana iya juya yankin gaba ya koma baya. A wajen kama da gaske, ni a ganina ba a ma haɗa su.

Haka abin da ake yi da su ya bambanta. Taron T-TRAK yawanci zagaye ne babba, jirage suna wucewa, mutane suna kallo, yara suna iya gani ba sai an ɗaga su ba. Taron FREMO aiki ne. Ana kama babban zaure, wani ya zana yadda yankunan za su jeru tun kafin ranar, a fitar da jadawalin tafiya, a kunna agogon da ke gudu fiye da na gaske. Kowane taragon kaya yana da katinsa mai nuna inda za shi, mai kula da tasha yana kiran na gaba a waya kafin ya saki jirgi. Wanda wannan ya burge shi, zagayen T-TRAK zai gundure shi cikin wata guda. Shi ne mutumin da na ce shawarata ba za ta yi masa rana ba. Amma ka lura da sharaɗin: duk wannan daɗi sai da jama'a. Miƙaƙƙen yankin FREMO guda a ɗakinka layi ne da ya fito daga babu ya nufi babu.

In jera taragai ne yake jan hankalinka kuma ba ka da abokan haɗawa, akwai hanya ta tsakiya. Ka gina wasan da ake kira Inglenook: layukan ajiya uku, ɗaya yana ɗaukar tarago 5, biyu suna ɗaukar 3 kowanne, layin ja da baya kuma yana ɗaukar kan jirgi da tarago 3. Taragai 8 ne a fili, a zaɓi 5 a jera su bisa tsarin da ƙuri'a ta fitar. Jeri 6,720 ne mabambanta za su iya fitowa, da mararraba biyu kacal. A ma'aunin N da gajerun taragai, tsawon akwatunan T-TRAK huɗu ya ishe shi, kuma kana iya ajiye shi a bayan manyan layuka biyun, ya zama tasha ranar da ka haɗa zagaye.

Abu biyu da ba ruwansu da wanda ka zaɓa. Katako yana motsi da danshi, don haka ka yi amfani da filawud busasshe, ka shafe shi da fenti ciki da waje kafin ka ɗora dogo. Sannan kada ka dasa bishiya ko gini dab da baki, nan ne hannu yake kamawa.

Kafin ka yanka katako ko ɗaya, ka bincika ko akwai masu wannan sha'awa da za ka iya kaiwa gare su, ka tambaye su wace ƙa'ida suke bi, ka karɓi tasu a rubuce. Ko a cikin T-TRAK akwai tsohuwar tazara ta milimita 25 da wasu suka fara da ita, wadda ba ta haɗuwa da ta 33 sai da akwatin sauyi, zurfin akwati ma yana bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya. In ka tarar masu FREMO ne a kusa da kai kuma suna maraba da sabon hannu, ka bi su, ka fara da gajeren yanki miƙaƙƙe ba tasha ba, ka roƙi wani gwani ya tsaya maka ranar da za ka liƙe ƙarshen dogo. In babu kowa, ka sayi guntun dogon Kato na akwati biyu miƙaƙƙu, ka ƙera akwatunan, ka manna su, ka tura tarago ɗaya da yatsa ya ƙetare mahaɗar gaba da baya. Sai ya wuce shiru sannan ka shiga yankan kwanoni.