Gargaɗi ga masu daɓen katako a Jos: babu maganin da ke busar da banɗaki a kwana ɗaya

Jama'a, a yi hattara. Akwai masu yawo da jarka gida-gida, musamman inda tsofaffin benaye masu daɓen katako suke, irin na zamanin haƙar kuza a Jos da Bukuru. Cewa suke suna da "maganin danshi": a shafa wa katakon banɗaki yau, gobe a ɗora tayil ko leda. Su karɓi kafin alƙalami mai tsoka, su shafa, su rufe, daga nan lambarsu ta daina shiga.

Abin da ke cikin jarkar galibi baƙin man mota ne da aka sirka da kananzir. Yakan sa katako ya yi duhu da sheƙi kamar ya warke, alhali ruwan yana nan ciki, man ma ya toshe masa hanyar fita. Ga ɓarna ta biyu: gam ɗin tayil ba ya kama katakon da ya sha mai. Wata biyu zuwa uku tayil ya fara motsi, layin tsakaninsa ya tsage, wari ya taso, ƙarƙashi kuwa ruɓa na ci, gara ta samu wurin zama. A bene wannan ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, daɓen na iya ruftawa da mutum. Ko maganin gara na gaske ba ya busar da katako, kariya yake ba katakon da ya riga ya bushe.

Aikin ƙwarai daga yoyo yake farawa. Mai gyaran famfo ya duba gindin masai, bututun fitar ruwa da mahaɗar famfo. In ba a tsayar da ruwan ba, komai aka yi a banza. Sai a ɗaye tsohuwar ledar, a soki katakon da sukundireba: inda ta nutse cikin sauƙi ya ruɓe, kafinta ya yanke shi har inda itacen ke da ƙarfi. A ɗaga falanki ɗaya ko biyu a ga ginshiƙan da ke ƙasa, domin su ke ɗauke da nauyin.

Bushewa na son haƙuri. Taga a buɗe, fanka na kaɗawa, makonni ake yi, kuma a daminar Jos da sanyinta abin ya fi jan lokaci. Da hunturu ya fi sauri. Na'urar auna danshin katako ta nuna ƙasa da kashi 15 cikin 100 kafin a rufe. Daga kashi 20 zuwa sama ruɓa ke samun gindin zama. In babu na'ura, a manna farar leda mai faɗin rabin mita da salatif ta kowane gefe, a bar ta awa 48. Aka ga raɓa ko duhu a ƙarƙashinta, da saura.

Bayan ya bushe ne ake shafa maganin gara, a ɗaure filawud mai jure ruwa na milimita 18 da sukurori, a shafa fentin hana ruwa shafi biyu, a hau da shi bango kamar santimita 15, sannan tayil da gam mai ɗan laushi, tunda katako na motsi.

Duk wanda ya zo, Alhaji, Hajiya, ku ce ya buɗe jarkar ku shinshina, ya kuma kai ku gidan da ya yi wa aiki aka shekara. Kuɗin shimfiɗa tayil kuwa kada ya fita sai kun ga gwajin ledar nan da idonku.