Quaker Oats na gwangwani: yana rage kitsen jini, amma da sharaɗi

Masu yawan kolestarol, wato wani nau'in kitsen jini, sukan sayi wannan gwangwanin da zarar sakamakon gwaji ya fito. Sayen ba asara ba ne, sai dai yawancin mutane suna shan abin da bai kai ya yi aiki ba, sannan su ɓata shi da kayan haɗi.

Abin da ke aiki a cikin oats wani nau'in harza ne (fibre, ɓangaren abinci da ciki ba ya iya narkarwa) mai narkewa a ruwa, sunansa beta-glucan, shi ne yauƙin da ake gani idan an dafa. A cikin hanji yana kama ruwan matsarmama ya fita da shi ta bayan gida, sai hanta ta ɗebo kolestarol daga jini don ta haɗa sabo. Tun 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta wannan amfanin a jikin kwali, bisa sharaɗin giram 3 na beta-glucan a rana.

A nan lissafin yake. Giram 100 na oats yana ɗauke da kusan giram 4, don haka ana buƙatar wajen giram 75 kullum, wato gwangwanin madara ƙarami ɗaya da rabi. Gwangwanin giram 500 ke nan mako ɗaya zai yi wa mutum ɗaya. Wanda nasa ke kaiwa wata guda, cokali biyu yake sha, kada ya sa ran ganin canji. Ko an cika awon, raguwar LDL, wato mugun kolestarol, takan tsaya tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Magungunan rage kolestarol da ake kira statin kuwa suna rage kashi 30 zuwa 50, saboda haka wanda likita ya ɗora a kansu kada ya ajiye su don ya fara shan oats.

Dafawa ba wuya: awo ɗaya na oats, biyu na ruwa, a zuba cikin ruwan sanyi a ɗora a wuta ana juyawa, minti uku zuwa biyar. Idan aka zuba cikin tafasasshen ruwa ba a juya ba, sai ya yi gudaji. Wanda kunun ya gundure shi ya niƙa ya tuƙa tuwo, yana kamuwa da kyau, da miyar kuɓewa ko ta kuka ma ya fi, don ita ma kuɓewa tana da harza mai narkewa a ruwa.

Kayan haɗin ne matsala. Sukari cokali uku da madarar gwangwani mai zaƙi sun cinye ribar. Madarar gari ta ƙananan leda da yawa an cire mata man nono an maye da man tsirrai, galibi na kwakwar manja, a duba jikin ledar. Madara marar kitse, ayaba ko gyaɗa soyayya kaɗan sun wadatar. Haka kuma oats da safe ba zai goge man shanu da kitsen tsire na dare ba. Kusan rabin manja daskararren kitse ne, irin mai ɗaga LDL, man shanu ya haura haka, man gyaɗa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba.

A kwanakin farko ciki kan yi kumburi da iska, a fara da rabin awo a ƙara sannu, a sha ruwa sosai. Mai ciwon sukari ya lura cewa wannan oats an murƙushe shi ƙanana, yana ɗaga sukarin jini da sauri fiye da mai manyan ƙwayoyi. A rufe gwangwanin ruf, musamman da damina, don danshi da ƙwari.

Tsadarsa ce babban aibinsa. Idan aljihu bai kai gwangwani a mako ba, wake ma yana da harza mai narkewa, faten wake ko wake da shinkafa da ɗan man gyaɗa sun fi sauƙin ɗorewa. A sake gwajin jini bayan mako shida zuwa sha biyu, a kwatanta lambar LDL da ta farko.