Littafin dinozor da na saya wa yarona a Garwa

Wata biyu ke nan da na sayi wani littafin Faransanci kan dinozor, dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare, a wajen masu baza littattafai a ƙasa kusa da babbar kasuwar Garwa, dubu shida na sefa mai shi ya ce, muka yi ta ja har ya bar min a dubu huɗu da rabi. Yarona ne ya matsa min, shekararsa 11, tunda malaminsu ya yi musu maganar dabbobin nan a lekol bai bar ni na huta ba. Yanzu mun gama shi tare, kusan kullum bayan isha'i, shi yana karantawa ni ina fassara wa ƙannensa da Hausa.

Gaskiya wajen bayani littafin ya yi ƙoƙari sosai. Abin da ya fi kama ni shi ne yadda ƙashi ke zama dutse, don ni da can ina ɗauka ƙashin ne kawai ya bushe ya yi tauri, ashe ba haka ba ne. Dabba ce za ta mutu a bakin kogi, laka da yashi su rufe ta da wuri kafin ta ruɓe ta watse, sai ruwan ƙasa ya riƙa shiga ƙananan ramukan ƙashin yana ajiye ma'adinai kaɗan kaɗan, shekara miliyoyi, har abin ya koma dutse amma da siffar ƙashin yadda take. Haka ma sawun ƙafa. Duk wanda ya taɓa zuwa bakin Binuwai bayan ruwa ya ja baya ya ga sawun shanu a cikin laka rana ta gasa shi, to ya ga farkon aikin da idonsa, saura kawai wata lakar ta zo ta rufe. Da na faɗa wa yaran haka nan take suka gane.

Sai babin tsuntsaye, nan ne gidan ya rikice. Littafin ya ce tsuntsaye daga jinin dinozor masu tafiya da ƙafa biyu suka fito, su ne suka tsira lokacin da wani ƙaton dutse mai faɗin kilomita wajen 10 ya faɗo daga sama a yankin Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce. Washegari da sassafe na tarar da yaron ya kamo zabuwar uwarsa yana duba ƙafarta, yatsu uku a gaba da ɓawo ɓawo a jiki, ya ce "Baba wallahi duba, iri ɗaya ne da na hoton!" Na duba kuma na ga kamar.

To amma abin da ya ɓata min rai, kuma shi ne dalilin rubutun nan, littafi mai kauri haka kusan duka Amurka ne da Caina da Ajantina, T. rex, ƙaton dinozor mai cin nama, shi kaɗai an ba shi shafuka da yawa, Afirka kuwa ɗan gefen shafi aka ba ta. Alhali a nan kusa, a Nijar, a Gadufawa cikin hamadar Tenere, aka tono Nigersaurus, dinozor mai haƙora wajen 500 da baki mai faɗi da yake kiwon ƙananan tsirran ƙasa da shi, can aka samo Sarcosuchus, kada mai tsawon fiye da mita 9, da wani dinozor Ouranosaurus wanda Bafaranshe Philippe Taquet ya raɗa wa suna a 1976. Mu kanmu a Arewacin Kamaru akwai sawun dinozor a kan dutse a yankin Mayo Rey, kuma a 2024 masana suka nuna sawun namu ya yi daidai da wasu da ke Burazil, na shekara wajen miliyan 120, lokacin da ƙasarmu da tasu ke manne ba teku a tsakani. Ko kalma ɗaya littafin bai yi kan Kamaru ba. Yaron ya tambaye ni wai mu ba mu da su ne, sai da na zaunar da shi na ba shi wannan labarin da bakina, kuma na ga yadda fuskarsa ta canja.

Ya kuma tambaye ni Tumai na Cadi, na ce masa wancan daban ne, ƙoƙon kan wata halitta ce mai kama da ɗan Adam da aka samu a hamadar Jurab a 2001, shekararsa wajen miliyan 7, dinozor sun daɗe da ƙarewa kafin zamaninsa.

Ɗaurin littafin ma ba shi da ƙarfi, sati uku zafin Garwa ya saki gam ɗin shafukan tsakiya suka fara fita, sai da na kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinke min bayan da zare. Faransancin kuma ya yi wa ɗan firamare nauyi a wasu wurare, dole babba ya zauna kusa.

Duk da haka ban yi da-na-sanin kuɗina ba, wanda ke da yaro mai yawan tambaya ya saya, amma ya shirya cike gurbin Afirka da kansa. Ni dai na yi wa nawa alkawari in damina ta wuce hanya ta yi kyau, in Allah ya yarda, za mu shiga mota mu je Mayo Rey ya sa ƙafarsa kusa da sawun ya auna.